Daga Falke Barmu zuwa Mariam Issoufou: tarihin jar ƙasar da ta fito da jihar Tawa

A shekarar 1986 alƙalan kyautar Aga Khan, wadda ake bayarwa duk shekara uku ga gine-ginen da suka yi fice a duniyar Musulmi, ayyuka shida kacal suka zaɓa. Cikinsu akwai gyaran da aka yi wa Masallacin Ƙudus, akwai aikin raya tsohon birnin Mostar na ƙasar Yugoslabiya ta wancan zamani, sannan akwai masallacin Juma'a na Yama, wani ƙauye da ke ƙasar Illela a nan jiharmu ta Tawa. Masallaci ne na ƙasa da itace. Wanda ya gina shi, Alhaji Falke Barmu, manomi ne kuma magini, bai taɓa zama a ajin wata jami'a ba.

Bayan shekara 32, wato a 2018, sai sunan jihar Tawa ya sake fitowa a irin wannan fage. A wannan karon wani gini ne da ke Dandaji, shi ma a ƙasar Illela, ya ci lambar azurfa ta duniya a gasar gidauniyar LafargeHolcim. Abin lura shi ne, kamfanin da ya kafa wannan gidauniya yana cikin manyan masu yin siminti a duniya, ga shi kuma ginin ƙasa aka ba lambar. Mata biyu ne suka zana ginin: Mariam Issoufou 'yar Nijar, wadda da yawa suka sani da suna Mariam Kamara, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili 'yar ƙasar Iran.

Ni ɗan Azarori ne, a ƙasar Madawa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan baiwar Allah shi ne, na ga ana yawan jera lambobin yabonta a Facebook, ana murna da cewa 'yar ƙasa ta zama farfesa a Turai, amma ba a cika faɗin abin da ta yi har ta kai can ba. A ganina babban aikinta guda ɗaya ne: ta haɗa ilimin maginin gargajiya da ilimin makaranta, ta cire wa ginin ƙasa kunyar da aka ɗora masa. Ba za a gane nauyin wannan aiki ba sai an koma baya an ga abin da muke da shi, da yadda ya suɓuce mana.

Abin da maginanmu suka sani

Gini sana'a ce mai sarauta a ƙasar Hausa. Manyan birane suna da Sarkin Magina, kuma sana'ar gado ce, yaro yakan fara da kwaɓa ƙasa da miƙa tubali kafin a bar shi ya hau bango. Masallacin Agadas, wanda aka fara ginawa a 1515 aka kuma sabunta shi a 1844, hasumiyarsa ta kai mita 27, kuma da ƙasa aka tayar da ita. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin Agadas cikin kayan tarihin duniya. A Zariya, Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina masallacin Juma'a a farkon rabin ƙarni na 19, zamanin Sarki Abdulkarimu, kuma har yau masu karatun gini suna nazarin bakan gizonsa.

Matsalar da waɗannan magina suka warware ba ƙarama ba ce. Azara ba ta iya haye ɗaki mai faɗi ba tare da ta lanƙwasa ba. Sai suka gano dabarar jera azara gajeru, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, daga bangon nan da bangon can, a ɗaure su a lulluɓe da ƙasa har su haɗu a sama. Shi ne bakan gizo. Idan bakan gizo ya gitta ɗan'uwansa sai a sami ɗaurin guga, a kansa kuma a ɗora tulluwa. Don kare bango daga ruwa akwai makuba da ake samu daga ɗorawa, akwai katsi daga marina, akwai indararo mai tsawon da zai jefa ruwa nesa da gindin gini. A ƙauyukan Adar da namu na nan Madawa da Buza da Keita, ko rumbun ƙasa ka duba ka ga ilimi: bango siriri, ciki mai faɗi kamar tulu, an ɗora shi bisa duwatsu don kada danshi da gara su kai ga hatsi.

Daga cikin wannan gado Falke Barmu ya fito. A 1962 dattawan Yama suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a, aka ba shi aikin. Gari duka ya shiga, wasu na buga tubali, wasu na ɗebo ruwa, wasu na kawo itace, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ginin farko sassauƙa ne, ɗaki mai ginshiƙai da yawa. A 1975, da rufin ya buƙaci gyara, sai ya sake shi da bakan gizo, ya ɗora ƙubba a tsakiya. Daga baya ya ƙara hasumiya huɗu a kusurwoyi, kowace da irin surarta, aka kammala a 1982. Shekara 20 ke nan gini yana girma tare da maigininsa.

Yadda ƙasa ta zama abin kunya

To, me ya sa a daidai lokacin da duniya ke yaba wa Yama, mu a gida muka fara juya wa ƙasa baya? Dalilai uku nake gani.

Na farko harshen takarda ne. Tun zamanin mulkin mallakar Faransa, ofisoshi suka raba kayan gini gida biyu. Siminti da ƙarfe da tol su ne kayan dindindin, ƙasa kuwa, wadda suke kira banko, kayan wucin gadi ce. Wannan rabo ya shiga takardun fili da na kwangila, ya zauna a bakin ma'aikata, har ya sauko cikin zancen talaka. Tun shekarun 1960 masana'antar siminti ta Malbaza ke aiki a cikin jiharmu, ga ta nan bakin babbar hanya, kowa ya wuce ya ga alamar zamani.

Na biyu fari ne. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun cinye itatuwa, itacen rufi ya yi wuya ya yi tsada. Ba don komai aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita a 1984 ba, da tallafin ƙasar Italiya, sai don tsaunuka da kwaruruka sun zama ƙeƙasassu. Mai son rufe ɗaki ya ga tol ya fi sauƙin samu a kan itace mai ƙwari. An yi ƙoƙarin magance wannan: a 1980 aka fara gwada gini marar itace a Cikal, ƙasar Filinge, inda ake rufe ɗaki da ƙubbar tubali zalla, dabarar da aka aro daga ƙasar Nuba ta kudancin Masar. An horar da magina da dama, amma dabarar ba ta kai ga manyan gine-ginen hukuma yadda ya kamata ba.

Na uku bida ce. Jihar Tawa ta yi suna wajen tafiya ci-rani, Abijan, Legas, Kamaru, Libiya. Wanda ya yi shekaru a waje ya dawo, da me zai nuna ya samo? Da ɗakin bulo mai rufin tol da ƙofar ƙarfe. A Azarori na tashi na ga haka, kuma har yau haka abin yake. Idan aka ce wane ya yi gini, ba a nufin na ƙasa. Mai neman aure ma ya san wane ɗaki ne zai ɗaga darajarsa a idon surukai.

Sakamakon kuwa kowa ya san shi a jikinsa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ɗakin bulo mai rufin tol ba ya shiguwa da rana, da dare kuma bangon yana amayar da zafin da ya sha. Mai gida ya kashe dukiyarsa ya gina ɗaki, ga shi kwance a tsakar gida bisa tabarma, tsohuwarsa kuwa tana barcinta a tsohon soron ƙasa. A gefe guda, yaran da suka kamata su gaji magina sun koma buga bulo, domin can kuɗi yake.

Daga kwamfuta zuwa tubali

An haifi Mariam Issoufou a 1979 a birnin Saint-Étienne na ƙasar Faransa, inda mahaifinta ke karatun injiniyan ma'adinai. A Nijar ta tashi, wani ɓangare na ƙuruciyarta kuma a arewa ta yi shi, yankin haƙar ma'adinai na jihar Agadas. Ta sha faɗa a hirarrakinta cewa tsofaffin gidajen ƙasa na Agadas, da sanyin da ake ji idan an shiga cikinsu daga rana, suna cikin abin da ya fara sa mata son gini.

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa ita 'yar tsohon shugaban ƙasa Issoufou Mahamadou ce, wanda shi kansa haifaffen Dandaji ne. Na san akwai masu karatu da za su tsaya a nan su ce ai gata ne. Ba na musun cewa gata yana buɗe ƙofa, yana kai yaro makarantar da ɗan talaka ba zai kai ba. Amma gata ba ya hana bango tsagewa, kuma ba ya sa ɗaki ya yi sanyi. Ra'ayin kowa a kan siyasar mahaifinta nasa ne. Ni gini na zo dubawa, kuma gini a fili yake, gani ya kori ji.

Da ta gama sakandare ba gini ta karanta ba. Ta tafi Amurka ta yi digiri na farko a fannin kwamfuta a jami'ar Purdue, ta gama a 2001, ta ƙara digiri na biyu a jami'ar New York a 2004. Ta yi shekaru tana aikin rubuta manhaja, sana'a mai albashi da kwanciyar hankali. Tana da shekara 30 da 'yan kai ta ajiye wannan duka ta koma aji, ta shiga karatun zanen gine-gine a jami'ar Washington da ke birnin Seattle, ta kammala a 2013.

Kundin da ta rubuta na kammala karatu ya nuna inda hankalinta yake. Ta lura cewa a Yamai samari suna da fada, su shimfiɗa tabarma a bakin titi su dafa shayi su yi hira har dare, ba mai cewa komai. 'Yan mata kuwa ba su da wurin zama irin wannan, idan suka zauna a waje sai a yi ta magana. Dabararsu ita ce tafiya: su fita kamar an aike su, su yi hirarsu a kan hanya. Sai ta zana hanyoyi masu inuwa da wuraren ɗan tsayawa, na karatu da na saye da sayarwa, yadda yarinya za ta sami rabonta na gari ba tare da ta saɓa wa tarbiyyar gidansu ba. Tun daga nan ake gane salonta. Takan fara duba yadda mutane ke rayuwa, sannan ta ɗauki fensir.

A 2013 ta haɗu da abokai uku, Yasaman Esmaili da Elizabeth Golden da Philip Sträter, suka kafa ƙungiyar united4design. A 2014 ta buɗe ofishinta a Yamai, ta sa masa suna da Hausa: Masomi. Yau ofishin yana amsa sunanta, Mariam Issoufou Architects, amma sunan farko shi ya fi faɗin manufar, wato a koma inda abu ya somo.

Gidaje shida a Yamai

Aikinsu na farko da ya ja hankali shi ne rukunin gidaje na Niamey 2000, wanda aka gama a 2016. Gidaje shida ne masu hawa ɗaya a sama, a filin da aka saba gina ƙasa da haka. Yamai tana ta faɗaɗa, fili yana tsada, ma'aikaci mai matsakaicin albashi ana ta tura shi bayan gari. Amsar da aka saba bayarwa ita ce dogon bene irin na Turai, wanda bai san da zaman tsakar gida ba. Su kuwa sai suka waiwayi tsofaffin biranenmu irin Kano da Damagaram, inda gidaje ke manne da juna amma kowane da sirrinsa. Kowane gida suka ba shi tsakar gida da wurin shan iska a sama, tagogi kuma aka sa su inda iska za ta ratsa ba tare da maƙwabci ya leƙa maƙwabci ba. A 2022 aikin ya shiga jerin ayyuka 20 da aka tace don kyautar Aga Khan, kyautar nan da Falke Barmu ya ci.

Tubalin da suka yi amfani da shi ya cancanci bayani, domin a kansa maganar take. Jar ƙasa ake samu, irin ta marmara, a tankaɗe ta, a zuba mata siminti kaɗan, a yayyafa ruwa daidai yadda za ta dunƙule a hannu ba ta yi caɓi ba. Sai a zuba a injin matsi, a danne ta da ƙarfi, ta fito da kusurwoyi masu kaifi kamar bulo. Ba a gasa ta, don haka ba a ƙona itace ko ɗaya. Ana rufe ta a bar ta ta yi makonni tana ƙwari a hankali. Injin ba sabon abu ba ne, tun shekarun 1950 aka ƙera irinsa na hannu a ƙasar Kolombiya. Amfanin wannan tubali shi ne ya fi tubalin hannu jure ruwa da nauyi, kuma bai rasa halin ƙasa ba: bango mai kauri yana shan zafin rana a hankali, kafin zafin ya ratsa ciki dare ya yi.

Dandaji: masallacin da ya zama ɗakin karatu

Dandaji gari ne na mutane wajen 3,000. Tsohon masallacinsu na Juma'a aikin Falke Barmu ne, ɗan'uwan na Yama. Da shekaru suka tura, ginin ya lalace, ya kuma yi wa jama'a kaɗan, sai aka fara shirin rushe shi a gina na siminti a wurinsa. Wannan labari ne da kowane ɗan jihar nan ya sani, domin garuruwa nawa ne suka yi haka, aka kuma yi walima?

Mariam da Yasaman suka kawo wata shawara: a gina sabon masallaci babba a gefe, tsohon kuma a gyara shi ya zama ɗakin karatu. Suka sa wa wurin suna Hikma, don tunawa da Baitul Hikma na Bagadaza, inda malaman zamanin Abbasiyawa suka tara littattafai suka fassara ilimin lissafi da likitanci da taurari ba tare da sun ga ya ci karo da addininsu ba. Aka nemo maginan da suka yi aikin tsohon ginin tun farko, aka sa su cikin aikin gyaransa. Su suka san yadda aka ɗaura kowane bakan gizo. Su kuma a wurin suka koyi aiki da tubalin matsi da dabarun hana ruwa cin bango. A cikin tsohon ginin aka shigar da kantocin littattafai da wani ɗan bene na zaman karatu, ba tare da an taɓa ginshiƙan asali ba.

Sabon masallacin yana ɗaukar mutum wajen 1,000. An tayar da shi da tubalin matsi na jar ƙasar da aka haƙo kusa da garin, aka sa kankare inda nauyi ya buƙaci haka, rufin kuma aka yi masa ƙananan ƙubbobi irin na maginan yankin. Tsakanin masallaci da ɗakin karatu fili ne da aka dasa wa itatuwa, da tankin ƙarƙashin ƙasa mai tara ruwan sama don ban ruwa. Hikimar tsarin ita ce, mai zuwa salla sau biyar a yini dole ya gitta ƙofar ɗakin karatu, ɗalibi kuma idan an kira salla taku kaɗan ne. Mata, waɗanda a da ba su da dalilin zuwa wannan fili, sun sami wurin karatun manya da tarukan sana'a. Aikin ya ci lambar zinariya ta yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017, kafin ta azurfa ta duniya a 2018.

A wannan shekara ta 2018 ta gama kasuwar Dandaji. Da ma kasuwa ce mai ci mako-mako a gindin wata tsohuwar itaciya. Ba ta sare itaciyar ba, ita ta mayar cibiya, ta kewaye ta da wurin zama. Ta gina rumfuna sama da 50 da tubalin matsi, a samansu kuma ta kafa faya-fayan ƙarfe masu launi iri-iri, wani sama da wani, suna ba da inuwa kamar ganye, iska na wucewa ta tsakaninsu. Maƙeran gida ne suka yi su.

Malama a Zurich

Daga nan duniya ta buɗe mata. A 2018 aka zaɓe ta cikin shirin Rolex na haɗa gwani da mai tasowa, ta yi aiki tare da David Adjaye, ɗan asalin Gana, inda ta zana cibiyar al'adu ta Yamai a kwarin Gunti Yena, kwarin da a zamanin mulkin mallaka ya raba unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. A 2019 ta karɓi kyautar Yarima Claus ta ƙasar Holan. An ba ta zanen cibiyar Ellen Johnson Sirleaf a Monrobiya ta Laberiya, wadda za ta adana tarihin mace ta farko da aka zaɓa shugabar ƙasa a Afirka. A 2022 aka zaɓe ta ta zana gidan tarihi na Bët-bi kusa da Kaulaha a Sanigal, sunan da ke nufin ido da harshen Wolof.

Koyarwa kuwa ta fara ta a jami'ar Brown ta Amurka a 2017, ta koyar a Harvard a 2021, sannan a 2022 ta zama cikakkiyar farfesa a ETH Zurich ta ƙasar Suwizalan, makarantar da Albert Einstein ya yi karatu. Kujerarta ta gadon gine-gine ce da ɗorewarsu. Dalilin da ya sa Turawa ke neman wannan ilimi a yau a bayyane yake: yin siminti kaɗai yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, suna neman mafita, mafitar kuma tana hannun irin su Falke Barmu tun tuni. Ba ita kaɗai ba ce a wannan tafarki. Hassan Fathy na Masar ya gina ƙauyen Sabuwar Gurna da tubalin ƙasa a shekarun 1940. Francis Kéré na Burkina Faso ya gina makarantar firamare ta ƙauyensu Gando da tubalin matsi a 2001, a 2022 kuma ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a wannan fanni.

Abin da ya rage namu

Akwai mai cewa, duk wannan daɗin baki ne, ginin ƙasa yana kashe mutane. Maganarsa tana da tushe. A daminar 2024 ambaliya ta shafi mutane sama da miliyan 1 a Nijar, sama da 300 suka rasu, da yawansu gini ne ya faɗa musu. A watan Satumba na shekarar tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, na tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe a idon jama'a. A watan Agusta na 2023 wani sashe na masallacin Zariya ya rufto kan masallata ana sallar La'asar. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Sai dai a tambayi kowane tsohon magini abin da ke kayar da ginin ƙasa, zai lissafa: gini a kan hanyar ruwa, tushe marar dutse, indararo da ya toshe ko ya karye, yaɓen da aka shekara biyar ba a sabunta ba, da shafa siminti a kan bangon ƙasa, wanda ke kulle danshi a ciki har bango ya ruɓe bai nuna ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mun bar ginin ƙasa ga wanda ba shi da halin yin wani, mun janye masa gwanaye, sannan muna zarginsa da faɗuwa.

Gaskiya ta biyu ita ce, tubalin matsi ba kyauta ba ne. Yana son inji, yana son siminti kaɗan, yana son magini da aka horar, kuma ba kowace ƙasa ke yi ba. Yashin jigawa ba ya kamawa, baƙar lakar fadama kuma tsagewa take yi. Akwai gwaji mai sauƙi: a zuba ƙasa a kwalba, a cika da ruwa, a girgiza a ajiye, tsakuwa da yashi su kwanta a ƙasa, laka ta hau sama, a ga yawan kowanne. Amma sai an koya wa mutum yake sani. Idan ilimin ya tsaya a Zurich da Yamai, talakan Azarori bai ci ribar komai ba.

Ga inda nake ganin ya kamata a fara. A watan Afrilu na 2021 gobara ta kama azuzuwan zana a Yamai, yara 20 suka ƙone. A watan Nuwamba na shekarar aka sake yin irinta a Maradi, yara sama da 20 suka tafi. Har yau dubban azuzuwa a ƙasar nan na kara da zana ne, kuma hujjar kullum ita ce siminti ya yi tsada. Jar ƙasa kuwa ga ta nan a tsaunukan Madawa da Buza da Keita. Me zai hana magadan gari su haɗa kuɗi su sayi injin matsi na hannu, a ajiye shi a cibiyar koyon sana'a, a gina aji ɗaya na gwaji a kowace ƙaramar hukuma? Me zai hana masu rubuta takardun kwangila su daina ɗaukar bulon siminti a matsayin sharaɗi? 'Yan bida da ke aiko da kuɗin gina masallaci, kafin a sa gatari a tsohon, a tuna da Dandaji. Ɗalibanmu kuma da ke karatun gini, a Yamai ko a makarantar EAMAU ta Lome, su yi hutu ɗaya a bayan wani tsohon magini da littafi a hannu, tun yana da rai.

A 1986 duniya ta yaba wa magininmu, muka ji daɗi, muka ci gaba da rushe irin aikinsa. Mariam Issoufou ta nuna cewa ilimin nan yana iya tayar da masallacin mutum dubu, da kasuwa, da gidan ma'aikaci a babban birni, har ya hau kujerar farfesa. Maginan da suka iya ɗaurin guga a garuruwanmu ƙidayarsu ake yi da yatsu, kuma mafi yawansu sun manyanta. Allah Ya ba shugabanninmu da mu kanmu ikon cin moriyarsu kafin lokaci ya ƙure.